Kano Daga Kan Dala: Sharhi a Kan Wani Tsohon Zane

Akwai wani zane da ɗaliban tarihi suka saba gani a littattafai, na birnin Kano kamar yadda ake hango shi daga kan Dutsen Dala a shekarar 1851. Ya fito ne a littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, wanda aka buga juzu'i biyar a 1857 zuwa 1858. Da yawanmu muna ɗaukarsa tamkar hoton kyamara. To, a nan gizo ke saƙa.

Barth ya zo Kano zamanin Sarki Usman Maje Ringim, ya hau Dala, ya yi ɗan zanensa. Amma wanda ya ƙawata shi har ya shiga ɗab'i wani mai zane ne a Jamus, Johann Martin Bernatz. Habasha ya taɓa zuwa, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Watau hasken da muke gani a zanen, da launin sama, da tsayuwar mutane, duk sun bi ta hannun wanda labari kawai ya ji.

Wannan tsohuwar al'ada ce a Turai. A 1515 Albrecht Dürer na birnin Nuremberg ya zana karkandar da aka kai Lisbon daga Indiya, aka sassaƙa a katako aka buga, alhali bai ga dabbar ba. Ya sa mata sulke kamar barde, har da wani ɗan ƙaho a doro wanda Allah bai halitta mata ba. Da yake katako ɗaya na fitar da kwafi dubbai, sai ƙaryar ta yi jijiya, aka shekara fiye da 200 ana kwafarta a littattafan ilmi. Ƙarfin ɗab'i ke nan: abin da aka maimaita wa ido, ido ya gaskata.

Zanen Dala bai kai nan ba, kuma yana da kyau, ba musu. Abin da ya kamata mai nazari ya lura shi ne inda aka tsaya aka duba. Daga bisa ne, inda gari duka ke shiga ido ɗaya, shiru, a shimfiɗe. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar, kuma neman hanyar ciniki na cikin manufarta. Ba na cewa zane ne ya kawo sojan Turawa Kano a 1903. Amma mai kuɗi a Landan ya fara sanin Kano ne a matsayin kasuwar da ake leƙawa daga sama.

Sannan ina masu aikin? Barth da kansa ya rubuta cewa arzikin Kano saƙa ce da rini, ya ƙiyasta tufafin da take fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Audugar da zaren daga karkara suke, kuma a lokacin Jahun da Dutse da Ringim duk ƙasar Kano ce. Manomi da mai kaɗi ba sa hanguwa daga Dala.

A ganina taswirar garin da Barth ya zana, mai sunayen unguwanni, ta fi wannan zane amfani ga ɗalibi, don lungu-lungu aka bi aka tambayi masu gari sunan kowace unguwa.