Mai kiɗan fim: gwanin da ake ji ba a gani

Duk wanda ya zauna majalisar matasa da dare a Boɗinga ko Shagari ya san yadda ake taruwa a kan waya guda ana kallon Labarina ko Daɗin Kowa. Kafin jarumi ya buɗe baki, 'yan kallo sun riga sun gane cewa ba lafiya, don wani sauti mai sanyi ya fara shigowa daga ƙasa-ƙasa. Wanda ya saka wannan sauti yana can cikin wani ɗan ɗaki na situdiyo, galibi a Kano, fiyano a gabansa, kwamfuta a gefe. Sunan mawaƙi kowa ya haddace, amma mai kiɗa sai wanda ya jira rubutun ƙarshen fim.

Sana'ar ta taso ne tare da fim ɗin Hausa kansa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano. Cikin shekarun da suka biyo baya fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyi, aka gano cewa mutum ɗaya zai iya fitar da amon ganga da sarewa da goge daga allo guda. Da Sangaya ya fito, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka ja ragamarsa, kiɗansa ya cika gari har gidajen biki, daga nan furodusoshi suka fahimci cewa waƙa ke sayar da kaset. Salon ya ɗebo daga finafinan Indiya, inda makaɗi irin A.R. Rahman yake da daraja daidai da jarumi, har ya ci kyautar Oscar biyu a 2009.

Aikin iri biyu ne. Na farko waƙa: mawaƙi zai zo da baitoci, wani lokaci da karin da ya rera a wayarsa yana tafe a hanya. Mai kiɗa ya saurara, ya lalubo mukullin da ya dace da muryarsa, ya kafa ganga, ya ɗora bes, sannan ya yi wa amshi ado da sarewa. Idan mace za ta amsa, sai ya nemo wurin da muryoyin biyu za su haɗu ba tare da ɗaya ta danne ɗaya ba. Sai an gama wannan 'yan wasa za su tafi wurin ɗauka su bi waƙar da baki.

Na biyu ya fi wuya, shi ne kiɗan ƙarƙashin magana. Nan zai zauna da fim ɗin bayan an tace, yana mayar da fitowa guda sau goma. Uwa ta samu labarin rasuwar ɗanta: ɗan koyo zai cika wurin da kiɗan kuka tun daga sallama. Gwani kuwa zai bar ɗakin tsit, a ji faɗuwar kwanon da ke hannunta, sannan ya saki zare guda na goge. Sanin inda za a yi shiru shi ne rabin sana'ar.

Mutanen ƙasar Sakkwato ba baƙi ba ne ga wannan hikima. Kotson Narambaɗa da taushin Salihu Jankiɗi ba su taɓa yin gaba da waƙa ba, ɗaga ta suke yi, su lafa in magana ta zo. Matashin Boɗinga ko Shagari da ya tashi da wannan amo a kunnensa yana da jarin da fiyano ba ya sayarwa, abin da ya rage masa shi ne haƙurin zama gaban malami.

In ka sake kallon fim ya taɓa maka zuciya, kada ka yi saurin kashewa. Jira sunayen ƙarshe su wuce, ka ga wanda ya yi kiɗan.