Shagala da Ɗauke Hankali: Gyara Kan Wani Kuskuren Fassara

Masu fassarar labarai sun saba jera "shagaltar da", "ɗauke hankali" da "karkatar da hankali" tamkar abu guda ne. Bahaushe kuwa ya bambanta su.

Asalin "shagala" Larabci ne, daga tushen da ke nufin aiki ko abin da ya cika wa mutum lokaci. Da wannan ma'ana Sawahili ya are ta, inda "shughuli" ke nufin harka. A Hausa sai ta rabu biyu: "shagali" ya zama biki, "shagala" ta zama mantuwa da wajibi. Ga alama ta bakin masu wa'azi wannan launi na zargi ya shigo, domin a Suratul Fat'hi, aya ta 11, da wannan tushe ƙauyawan Larabawa suka kawo uzurin cewa dukiya da iyali ne suka hana su fita.

Nahawu ma ya nuna haka. A tsarin Parsons na 1960, "shagala" aikatau ne ƙi-karɓau na aji na uku, wato abin a jikin mai yi yake aukuwa. "Shagaltar da" kuwa na aji na biyar ne. Duk da haka ba a shagaltar da mutum sai da abin da ransa ke so. Ko an ja shi, da ƙafarsa ya bi.

A duba Kakuri, kudu da kogin Kaduna, inda masaƙar KTL ta fara aiki a 1957 ta tsaya a 2002. Ma'aikacin da ƙarar jirgin ƙasa ta sa ya waiga, zare ya tsinke, an ɗauke masa hankali ne. Ƙiftawar ido ce, ba a kama shi da laifi. Wanda ya karɓi albashi ya zarce gidan rawa har ƙahon safe ya wuce shi, wannan ya shagala, kuma ba mai tausaya masa. Kalmar da ta fito daga aiki ita ce ta zama sunan gudun aiki.

Nan ne fassarar ke yin ɓarna. In ɗan jarida ya ce mahukunta sun "shagaltar da" masaƙan da suka rasa aiki daga neman haƙƙinsu, ya ɗora musu rabin laifin bai sani ba, ya mai da su masu bin daɗi. Abin da yake nufi "karkatar da hankali" ne, wanda ke jingina niyyar ga mai karkatarwa kaɗai.