Armstrong a Kaduna: Kiɗan Jaz, Waƙar Shata da Matsalar Faifai

1.0 Gabatarwa

A cikin 1960, 'yan makonni bayan Nijeriya ta sami mulkin kai, mashahurin mabushin nan na Amurka, Louis Armstrong, ya zo Kaduna, har aka ɗauke shi hoto tare da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Gwamnatin Amurka da kamfanin Pepsi-Cola ne suka ɗauki nauyin rangadin da ya yi a Afirka. Akan ce da irin wannan ziyara kiɗan jaz ya dawo gida. Manufar wannan takarda ita ce ta auna maganar, ta kuma jawo hankalin manazarta ga wani kuskure da muke yi wajen nazarin waƙar baka.

2.0 Inda Suka Yi Kama

Babu shakka akwai dangantaka. Jaz ya taso ne a cikin baƙar fatar New Orleans, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, kuma ginshiƙansa biyu sananni ne ga Bahaushe: jagora da amshi, da kuma ƙirƙira nan take. Armstrong yakan ɗauki karin da kowa ya sani, ya sāke masa kama da ƙahonsa a gaban jama'a. Haka Alhaji Mamman Shata yakan kafa amshi guda bisa kalangu, sa'an nan ya riƙa zuba ɗiyan waƙa gwargwadon mutanen da idonsa ya gani. Saboda haka ne Bakandamiya ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu.

Amma kama da wane ba ta wane. Armstrong sautin yake juyawa, Shata kuwa maganar yake juyawa. Wanda bai ji Hausa ba ya rasa mafi yawan gwanintar Shata, alhali mutanen Kaduna ba su bukaci Turanci ba kafin su saurari busar Armstrong.

3.0 Sabon Ubangida

Abin da ya fi haɗa su shi ne abin da na'ura ta yi musu. Faifan garmaho na dā minti uku ko ɗan fiye yake ɗauka a kowane gefe, don haka “West End Blues” na 1928, duk da ƙwarewar da ke cikinsa, an yanka shi ne daidai faɗin faifai. Talabijin kuma ta zo da nata sharaɗin. Nat King Cole ya fara shiri nasa na kansa a gidan NBC a 1956, amma shirin ya mutu a 1957, domin manyan 'yan kasuwa sun ƙi ɗaure masa gindi da talla saboda launin fatarsa. Watau mai talla ya zama ubangida, kuma ya fi basarake wuyar sha'ani, tun da ba ya zama a gaban makaɗi balle kirari ya motsa shi.

Da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, makaɗanmu suka shiga irin wannan hali. Makaɗin da zai kwana yana wasa a gidan biki a Rano ko Kibiya, ana yi masa kari yana ƙara ɗa bisa ɗa, sai ga shi a ɗaki rufe, ba mai guɗa, ba mai liƙi, agogo yana jiransa.

4.0 Kammalawa

A nan kuskurenmu yake. Mukan ɗauki faifai ɗaya, mu rubuta kalmominsa, mu ce wa ɗalibai ga waƙar Shata. Masana jaz sun daɗe da gane cewa ɗauka biyu ta waƙa guda ayyuka biyu ne, shi ya sa suke rubuta ranar kowace ɗauka, da wurin, da sunayen makaɗa. Armstrong ya rasu a 1971, Shata a 1999. Faifai da kaset kaɗai suka rage mana. Ya kamata duk mai nazarin waƙar baka ya faɗi wurin da aka rera ta, da lokacin, da wanda aka rera wa, ya kuma kwatanta ɗauka biyu ko uku kafin ya yanke hukunci a kan salon mawaƙi.