Maƙerin Filifin da takobinsa

Yau sharhinmu a kan wani fim ne na ƙasar Filifin. Ƙasa ce mai nisa can gabas, bayan Indiya, tsibirai ne fiye da 7,000 a cikin teku. Sunan fim ɗin Ang Panday. Da harshensu, panday shi ne maƙeri. An fara nuna shi a birnin Manila ran 25 ga Disamba 1980.

Labarin ya fara ne a takarda, cikin irin littattafan nan na zane, waɗanda su ke kira komiks. Ana zana mutum, a rubuta maganarsa kusa da bakinsa. Carlo Caparas ya tsara labarin, Steve Gan ya zana. A lokacin nan littattafan suna da araha, har haya a ke ba da su a bakin titi. Wanda karatunsa bai nuna ba ya dubi hoto, hoto ya ja shi zuwa ga baƙi. Daga baya Fernando Poe, babban ɗan wasansu, ya mai da labarin fim, ya kuma fito a matsayin maƙerin.

Ga yadda labarin ya ke. Flavio maƙerin ƙauye ne. Wani azzalumi mai sihiri, Lizardo, ya danne ƙasar. Yaransa su kan zo ƙauye su tara yara ƙanana, su tilasta wa Flavio ya sa ƙarfe a wuta ya yi musu shaida a jiki, kamar yadda a ke yi wa raƙumi ko saniya. Rannan wani dutse ya faɗo daga sama da wuta. Akwai wani tsoho mai littafin da ya faɗi zuwan wannan rana. Flavio ya ɗauki dutsen ya ƙera wuƙa. In faɗa ya yi zafi, wuƙar sai ta zama dogon takobi.

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne farkonsa, tun takobi bai fito ba. Ku duba. Maƙerin nan shi ya ke yi wa mutanen garinsa kayan noma. Wutar da ya ke gyara musu abin neman abinci, ita ce a ka sa ya ƙona ƴaƴansu da ita. Lizardo bai kawo ƙarfe daga gidansa ba, bai kawo gawayi ba. Da hannun ɗan gari ya cuci gari. Flavio kuwa in ya ƙi, ya san abin da zai biyo baya. In ya yi, da wane ido zai dubi uwar yaron gobe a bakin rijiya? Poe ba mai yawan magana ba ne a wasa, kuma nan shirunsa ya yi amfani. Duk wanda a ka taɓa aika ya karɓo abin maƙwabcinsa da sunan wani babba, ya san wannan shiru. Mutanen Filifin ma sun san shi, don shekarar da fim ɗin ya fito suna ƙarƙashin dokar soja da shugaba Marcos ya kafa tun 1972.

To amma daga faɗowar dutsen nan, ni a ganina labari ya sauka daga kan hanyarsa. Mu a nan Adar ba baƙin ƙarfe ba ne. Kakannin maƙeranmu ba su jira sama ba. Tama su ka tono a ƙasa, su ka sari itace su ka yi gawayi, su ka gina murhun narka ta, mutane da yawa, kwana da kwanaki. Wata Bafaransa mai bincike, Nicole Echard, ta ɗauki wannan aiki na maƙeran Adar a fim cikin shekarun 1960. Ko yau, je maƙera ranar kasuwa a Bouza ko Tamaske. Yaro na kan zugazugi, wani ya riƙe awartaki, wani na dukan masaba a kan uwar maƙera. Hauya ɗaya ba ta fita daga hannu ɗaya. A Ang Panday kuwa, ƙarfen kyauta ce daga sama, kamar gatarin aradu da tsofaffi ke faɗi, kuma mutum guda a ka zaɓa tun a littafi.

Wannan zaɓe shi ya rage wa mutanen ƙauyen daraja. Iyayen yaran da a ka yi wa shaida, me su ka yi? Kuka da jira. Maƙeri yana iya ƙera mashi ɗari ya raba wa samari ɗari. Flavio ya ƙera wuƙa ɗaya ya rataya a ƙugunsa. Daga nan sai ya bar sana'a ya zama mayaƙi kamar kowane jarumin fim, har mai kallo ya manta da sunan fim ɗin.

Ban ce babu daɗin kallo ba. Akwai matattu masu tashi daga kabari, akwai dodo mai fiffike. Dabarun hoton na 1980 ne, yaron da ya saba da fim ɗin salula zai yi dariya a wasu wurare, amma tsoron yana nan. Faɗan ƙarshe kuwa a kan tudun rairayi a ka ɗauke shi, a arewacin ƙasarsu, Flavio shi kaɗai, mayaƙan Lizardo sun kewaye shi ta kowane gefe. Wurin ya yi kama da wasu tuddanmu na arewa. Max Alvarado, wanda ya fito a Lizardo, ya iya mugunta ƙwarai, dariyarsa kaɗai ta isa ta hana yaro barci. Kada a zaunar da ƙananan yara gabansa da dare.

Mutanen Filifin sun so fim ɗin sosai. An yi na biyu a 1981, na uku a 1982, na huɗu a 1984, duk da Poe. An sake yin sa da wasu ƴan wasa a 2009 da 2017. Talakawa sun riƙa ganin Poe kamar shi ne Flavio da gaske. A 2004 ya tsaya takarar shugaban ƙasa, mutane miliyoyi su ka jefa masa ƙuri'a. An ce Gloria Arroyo ce ta ci, shi kuwa ya kai ƙara cewa an yi maguɗi. Ya rasu a watan Disamba na wannan shekara, ba a kai ga yanke hukunci a kan ƙuri'un ba.