Mamaci Ba Ya Zuwa Asibiti

Wani yayi ya shigo tsakanin likitoci da marubuta tarihi: a ɗauko mutumin da ya daɗe da kwanta dama, a bi wasiƙunsa, sannan a shelanta cewa an gano cutar da ta addabe shi. Aikin yana da amfani wajen koyar da ɗaliban likitanci, amma yana neman wuce gona da iri.

Dubi Charles Darwin. A watan Maris na 1835, kusa da Mendoza a Ajantina, wani ƙwaro mai shan jini da dare ya cije shi, shi da kansa ya rubuta hakan. Ƙwaron yana ɓuya a tsagar bangon ƙasa kamar kuɗin cizo. In ya sha jini sai ya yi kashi a gefen cizon, mai barci ya sosa, ya cusa wa kansa ƙwayar cuta. Ƙwayar dangin wadda tsando ke yaɗawa ce, mai kawo wa mutane ciwon barci, shanu kuma sammore. Likita Carlos Chagas, wanda cutar ta ci sunansa, ya gano ƙwayar da ta wannan ƙwaro a Brazil a 1909, shekara 27 bayan rasuwar Darwin. A 1959 masani Saul Adler ya ce ita ce ta jawo wa Darwin amai da kasala da bugun zuciya na shekara da shekaru.

Maganar tana da daɗin ji. Sai dai Darwin ya koka da bugun zuciya tun 1831, kafin jirgin ruwan Beagle da ya yi tafiyar a cikinsa ya bar Ingila, kuma ba a taɓa auna jininsa an ga ƙwayar ba. Cizo daban, kamuwa daban.

Ko inda gawa take, sai an yi hattara. A 2010 gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna alamar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jikin Fir'auna Tutankhamun. Duk wanda ya tashi inda sauro yake ya san ana samun ƙwayar a jinin yaron da ke wasansa lafiya lau. Samunta bai tabbatar da ita ce ajali ba.

Don haka masani ya ce "mai yiwuwa", ɗan jarida kuma kada ya goge kalmar. Cutar Chagas tana jikin mutum fiye da miliyan 6 a yau, yawancinsu talakawan Latin Amurka. Su ana iya auna jininsu, a ba su magani kafin zuciya ta lalace. Su suka fi Darwin bukatar likita.