Wata uku ko wata shida? Kalanda ba ta ganin ƙura

A ƙasashe masu sanyi irin su Kanada da Jamus, ana gina gidaje a toshe ruf don kada ɗumi ya fita. Shi ya sa ake girka musu na'urar sabunta iska da ake kira ERV. Fanka ɗaya na fitar da iskar cikin gida, ɗaya na shigo da ta waje, sai su gifta ta cikin wani akwati inda suke musayar ɗumi da danshi ba tare da sun cakuɗu ba. Kowane ɓangare na da matatarsa, wato filta.

Duba littafin yawancin waɗannan na'urori, shawarar ɗaya ce: a wanke ko a canza matata duk wata uku zuwa shida. Wasu ma har da fitila mai kunnawa in lokaci ya yi. A ganinmu wannan shawara ta gaza, domin a na'urori da dama agogo ne ke kunna fitilar, ba dattin da ya taru ba.

Ku tuna watan Yuni na 2023, lokacin da hayaƙin gobarar dajin Kanada ya rufe sararin birnin New York har ya koma ruwan lemo. Matatar da aka sa jiya tana iya cika cikin 'yan kwanaki a irin wannan yanayi, alhali fitila na cewa saura wata biyu.

Illar kuma ba ta da ƙara. Idan matatar shigowa ta toshe, fankar fitarwa na ci gaba da zuƙe iska, sai gidan ya fara janyo ta ta wasu kafofi: tsagar bango, garejin mota, ko ƙarƙashin ƙasa, inda iskar radon mai haddasa sankarar huhu ke fitowa. Mai gida na jin fanka na juyawa, ya ɗauka komai lafiya lau.

Wata matsalar ita ce maganar "sayi mafi ƙarfi". Ma'aunin MERV na Amurka na tashi daga 1 zuwa 16, kuma sai wajen 13 matata ke kama mafi yawan ƙananan ƙwayoyin hayaƙi. Amma matata mai matsatsun ido tana takura iska. In fankar ba ta da ƙarfin ja, an yi gyaran gangar auzinawa ke nan.

Abin da ya kamata kamfanoni su yi shi ne su sa ma'aunin da ke gane takurar iska a kowace na'ura. Kafin nan, mai gida ya riƙa buɗe ta duk wata, ya ɗaga matatar a haske ya gani da idonsa, ya share ragar bututun waje daga ganye da ƙwari. Akwatin musayar kuwa, in na takarda ne, kada ruwa ya taɓa shi. Injin zuƙar ƙura ya isa.