Bencin Baya: Horo da Jinƙai a Ikkilisiyoyin Ƙasar Hausa

A majami'un masu bishara na ƙasar Hausa, daga Zinder zuwa Maraɗi har Kano, akwai wurin zaman da ba a rububinsa, wato bencin baya. Nan ake zaunar da wanda dattawan ikkilisiya suka sa a ƙarƙashin horo. Fasto kan faɗi sunansa a gaban jama'a, a hana shi cin Jibin Ubangiji, a dakatar da shi daga ƙungiyar mawaƙa ko zumuntar mata na wasu watanni, sai an ga alamar tuba a mayar da shi. Ba kowace majami'a ke yin abin iri ɗaya ba, wasu ma sun daina sanarwar, amma al'adar tana nan da ranta.

Masu yin horon ba da ka suke yi ba. A Matiyu sura 18 Yesu ya tsara yadda za a bi da ɗan'uwan da ya yi laifi: a same shi shi kaɗai, in ya ƙi ji a koma da mutum ɗaya ko biyu, sai abin ya gagara a kai shi gaban ikkilisiya. Manzo Bulus kuma ya umarci Korintiyawa su fitar da mutumin da ke zaune da matar ubansa. Sai dai Matiyun nan, a sura 7, shi ne ya kawo gargaɗin Yesu ga mai hango ɗan haki a idon wani alhali gungume na cikin nasa. Bahaushe bai buƙaci fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 kafin ya san wannan ba, tun da can yake cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Dattijon ikkilisiya yana tsakanin umarni biyu ke nan, kuma kowane ɓangare yana da ayarsa.

Abin da ke rinjayar da ma'aunin, a ganina, idon maƙwabta ne fiye da aya. Ɗauki Kurni, a yankin Matamaye, dab da iyakar Najeriya. Kusan kowa Musulmi ne, kamar sauran ƙasar Damagaram, kuma ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. A irin wannan wuri Kirista ba ya yin laifi shi kaɗai. In 'yarsa ta yi cikin shege, ba za a ce 'yar wane ba, cewa za a yi 'ya'yan Kirista. Horo sai ya zama sanarwa ga mutanen gari cewa mu ma muna da tarbiyya. Ban raina wannan tsoro ba, domin tsirarun da ke neman wurin gina majami'a da mijin da zai auri 'yarsu, da mutuncinsu suke ciniki.

Tsananin yana da tarihi. 'Yan mishan na SIM sun sauka Zinder a 1924, daga baya suka kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi. Wa'azinsu bai jawo mutane da yawa ba, asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 da wurin jinyar kutare na Danja su suka sa aka san su, aikin jinƙai ke nan tsantsa. Amma a ƙofar baftisma ba su da sassauci: mai mata biyu sai ya rabu da ɗaya. Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta bi diddigin yadda batun aure ya dami wannan al'umma. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, matar da aka sallama domin mijinta ya tsarkaka, mene ne laifinta? Angalika ma sun daɗe a kan wannan matsayi, tun taron shugabanninsu na Lambeth a 1888, sai a 1988 suka yarda a yi wa mai mata da yawa baftisma ba tare da ya kori kowa ba, muddin ba zai ƙara ba. Shekara ɗari cur aka ɗauka.

Babban aibin bencin baya shi ne zunubin da ke fitowa fili kaɗai yake kamawa. Ciki ba ya ɓuya. Mai cin amanar kuɗin baiko, da mai tauye hakkin ɗan ƙodago, da mai gulmar da ta kashe auren wani, suna iya zama a sahun gaba shekara da shekaru. Labarin matar da aka kama da zina, a Yahaya sura 8, kamar don wannan aka rubuta shi: an jawo ta ita kaɗai, ba wanda ya tambayi ina namijin. Yesu bai ce ba ta yi laifi ba, ya ma gargaɗe ta kada ta sake, amma sai da masu duwatsu suka watse ya yi mata magana. Wani abin lura, labarin babu shi a wasu tsofaffin kwafe na Girkanci, kuma Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya yi zargin cewa maza ne suka cire shi don tsoron kada matansu su samu ƙofa. Ko zarginsa daidai ne ko a'a, ya san halin maza.

Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan an sauko daga masallaci, zanga-zangar adawa da zanen jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Zinder, aka ƙone majami'u da cibiyar al'adun Faransa, Kiristoci suka fake a barikin soja. Washegari wutar ta kai Yamai, inda 'yan sanda suka ƙirga majami'u 45. Mutum goma suka rasu a biranen biyu. Wasu Kiristocin maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su. Shugabannin ikkilisiya, na Katolika da na masu bishara, suka fito suna kiran a yafe, kada a rama. Sun cancanci yabo. Amma abin yana ɗaure mini kai: al'ummar da ta iya yafe wa wanda ya cinna mata wuta cikin 'yan kwanaki, tun bai nemi gafara ba, ita ce ke barin 'yarta wata shida a baya tana sunkuyar da kai.

Maƙwabtan da ake jin kunyarsu kuwa suna da nasu darasin. Shari'ar Musulunci ta ɗora shaidu huɗu a kan tuhumar zina, ta tanadi bulala tamanin ga mai ƙazafi, malamai kuma suna kwaɗaitar da rufin asiri. Katolika ma a asirce suke furta zunubi ga fada, shi kuma haramun ne ya faɗa wa kowa. Tonon asiri a bainar jama'a ba shi ne kaɗai hanyar nuna ɗa'a ba.

Ba cewa nake a soke horo ba. A bi Matiyu 18 daga matakin farko, kada a faro daga na uku. A zaunar da saurayin tare da budurwar ko a ƙyale su duka. A kuma sa ranar maidowa tun ranar dakatarwa. Bulus ɗin da ya ce a fitar da mai laifi, a wasiƙarsa ta biyu ga Korintiyawa, sura 2, roƙonsu ya yi su yafe wa wanda suka hora, su ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki ya fi ƙarfinsa. Wannan sura ta 2 ba kasafai ake jin ta ranar sanarwa ba.